Ƙarancin kuɗi a takardar harajin gida

Ƙarancin kuɗi a takardar harajin gida shi ne yanayin da hukuma ke aiko wa mai gida takardar neman biya, sai ya tarar adadin da ke ciki bai kai abin da ya saba biya ba, ko bai kai abin da maƙwabta masu gida irin nasa suke biya ba. A Najeriya abin ya fi shafar kuɗi iri biyu: kuɗin ƙasa, wanda gwamnatin jiha ke karɓa duk shekara daga mai riƙe da takardar shaidar mallakar fili, da harajin gidaje, wanda tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi ikon ƙiyastawa. Wani lokaci ƙarancin daidai yake bisa doka. Wani lokaci kuma alama ce ta cewa bayanin da ke cikin fayil ɗin gidan ya tsufa, ko an yi kuskure wajen shigar da shi. Idan kuskure ne, ragowar kuɗin ba ta zama yafe don kawai ba a neme ta ba. Tana taruwa a kan filin, kuma takan fito fili ranar da mai gida zai sayar, ko zai jinginar wa banki, ko ranar da magada suka zo sauya suna.

A Jihar Zamfara batun ya fi bayyana a Gusau da hedikwatocin ƙananan hukumomi irin su Tsafe da Bungudu, inda ake da filaye masu takardar gwamnati. A garuruwan karkara kamar Kekun Waje da ke ƙaramar hukumar Bungudu, yawancin gidaje na gado ne ko na saye a gaban shaidu, don haka matsalar tana zuwa da wata kama dabam.

Tushen doka

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Olusegun Obasanjo ta kafa a ranar 29 ga Maris na shekarar, ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana ga al'umma. Abin da mutum yake samu shi ne haƙƙin zama da amfani na wani wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama, kuma takardar da ke tabbatar da wannan haƙƙi ita ce shaidar mallaka da aka fi sani da C of O. Sashe na 5 na dokar ya ba gwamna ikon neman kuɗin ƙasa a kan filin da ya bayar, da ikon sake duba adadin a lokutan da aka rubuta a cikin takardar, ko a kowane lokaci idan ba a rubuta wa'adi ba. Sashe na 10 ya ce duk wanda ya karɓi takardar ya ɗaure kansa da biyan kuɗin da aka yanka da duk wanda aka sake yankawa daga baya. Sashe na 6 kuma ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin zama na gargajiya a filayen da ba su cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni. Sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 ya killace wannan doka, ta yadda ba a iya yi mata gyara sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulkin kansa.

Harajin gidaje yana da tushe dabam. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ƙiyasta darajar gidaje masu zaman kansu, domin ɗora musu harajin da Majalisar Dokokin Jiha ta ƙayyade, cikin ayyukan ƙaramar hukuma. A shari'ar kamfanin Knight Frank & Rutley da Antoni Janar na Jihar Kano, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1998, kotun ta ce gwamnatin jiha ba ta da hurumin ba kamfani kwangilar ƙiyasta gidaje don wannan haraji, saboda aikin na ƙananan hukumomi ne. Jihar Legas ta haɗe kuɗin ƙasa da harajin gidaje da kuɗin gyaran unguwa suka zama caji guda tun 2001, aka sake dokar a 2018 da 2020. Inda ba a yi irin wannan haɗewa ba, mai gida na iya karɓar takardu biyu daga ofisoshi biyu, kuma sau da yawa rikicewa daga nan take farawa: mutum ya ga ɗaya daga cikinsu, ya ɗauka ita ke nan.

A Zamfara, bayanan filaye da taswirarsu suna hannun hukumar ZAGIS, kwatankwacin AGIS ta Abuja, KADGIS ta Kaduna da KANGIS ta Kano, yayin da hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha ke kula da kuɗin da ke shiga asusun gwamnati.

Tarihi a taƙaice

Kalmar kuɗin ƙasa ta girmi zuwan Turawa. A masarautun Kano, Katsina da Zazzau an karɓi kuɗin ƙasa daga magidanta, tare da kuɗin shuka da kuɗin karofi. Bayan 1903 Turawan Ingila sun dunƙule waɗannan kuɗaɗe suka zama haraji da jangali, kuma a wasu larduna an yi amfani da awon taki, inda malaman taki ke auna gona da ƙafa su yanka mata kuɗi. Dokar filaye ta 1910 da Dokar Riƙon Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 su ne suka share wa dokar 1978 hanya, domin tun a cikinsu aka sa ƙasa a ƙarƙashin ikon gwamnati. Harajin kai ya zama babban batun siyasa, har gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke shi bayan hawansu mulki a 1979.

Abin da ya fi shafar mai gida na yau shi ne sauyin jihohi. Yankin Zamfara ya kasance a Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, a Jihar Sakkwato daga 1976, kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba 1996. Takardun da aka bayar a Gusau kafin wannan rana suna ɗauke da lamba da hatimin tsohuwar jiha, kuma adadin kuɗin ƙasar da ke rubuce a cikinsu na zamanin da naira ke da wata daraja ne dabam da ta yau. Fayil da ya ratsa jihohi biyu ko uku, sannan aka juye shi daga takarda zuwa kwamfuta, yana da wurare da dama da kuskure zai iya shiga.

Lokacin da ƙarancin yake daidai

Mutane da yawa suna zaton kuɗin ƙasa na tashi ne gwargwadon kyan gini. Sashe na 16 na dokar 1978 ya ce akasin haka. Wajen yanka kuɗin ko sake duba shi, gwamna zai yi la'akari da abin da aka yanka wa filaye makamanta a kewayen, amma ba zai lissafa ƙarin darajar da ta samu daga jarin da mai riƙe da filin, ko wanda ya riƙe shi a baya, ya zuba a kansa ba. Ke nan wanda ya gina bene a fuloti ɗaya da maƙwabcinsa mai ginin ƙasa a fuloti ɗaya na iya samun adadi guda, kuma babu kuskure a ciki. Abin da ke motsa kuɗin ƙasa shi ne faɗin fili, unguwar da yake, da irin amfanin da aka amince a yi da shi, wato zama, kasuwanci, masana'anta ko noma. Harajin gidaje ne ke bin darajar gini, domin shi ana ƙiyasta shi ne bisa gidan kansa ko bisa kuɗin hayar da zai iya kawowa a shekara.

Sashe na 17 ya ba gwamna damar bayar da fili ba tare da kuɗin ƙasa ba, ko a kan ragi, idan ya ga hakan maslaha ce ga jama'a, kuma yana iya janye rangwamen daga baya. Takarda na iya zuwa da kuɗi kaɗan idan ta wani ɓangare na shekara ce kawai, kamar wanda aka ba fili a watan Satumba aka lissafa masa wata huɗu. Haka nan idan an yi rarar biya a bara aka cire ta a bana, ko gwamnati ta sanar da rangwame na wani wa'adi don jawo masu bashi su biya. Duk waɗannan suna da alama guda: akwai rubutu da ke bayyana su, a jikin takardar neman biyan ko a wata sanarwa ta gwamnati. Ragin da ba a iya nuna rubutunsa shi ne abin tuhuma.

Inda kuskure ke fitowa

Mafi yawan kuskuren ƙarancin kuɗi a garuruwan Arewa daga tsufan bayani yake. Fili na ci gaba da canzawa a ƙasa, fayil ɗinsa kuwa yana nan yadda aka buɗe shi.

Na farko shi ne faɗi. Mai gida ya sayi kangon da ke bayansa ya zagaye su da katanga ɗaya, amma takardar gwamnati ta fuloti na farko ce kaɗai. Takardar neman biya za ta ci gaba da zuwa a kan rabin abin da yake riƙe da shi, ɗaya rabin kuma yana can da sunan wani, bashi na hawa kansa ba tare da kowa ya lura ba. Akwai kuma kuskuren awo da na rubutu, kamar a rubuta murabba'in mita 465 a maimakon 4,650, ko a rikita hekta da eka, alhali hekta ɗaya ta kusan eka biyu da rabi.

Na biyu shi ne sauyin amfani, kuma shi ya fi yawa a bakin manyan tituna. Gidan da aka ba takardar zama a kan hanyar Sakkwato ko hanyar Zariya a Gusau, ko a bakin titin da ya ratsa Tsafe, sai a fasa katangar gaba a jera shaguna, ko a mayar da shi makaranta, ɗakin shan magani ko masaukin baƙi. Kuɗin fili na kasuwanci ya fi na zama. Muddin ba a nemi izinin sauya amfani ba, ofis zai ci gaba da lissafi da farashin zama. A nan matsalar ta wuce ta kuɗi, domin amfani da fili ba bisa abin da aka bayar da shi ba saɓa sharaɗin takarda ne.

Na uku shi ne cinikin da bai isa ofis ba. Sashe na 22 ya hana sayarwa, jinginarwa ko miƙa fili mai takardar gwamna ba tare da amincewarsa ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina saboda rashin wannan amincewa. Duk da haka, ciniki da yawa yana ƙarewa ne a takardar da dillali ya rubuta, mai unguwa da shaidu suka sa hannu. Gida na iya wuce hannu uku ko huɗu sunan mai shi na farko na nan a fayil. Idan shi na farkon yana da wani rangwame, ko an yanka masa tsohon farashi, sabon mai gida zai ci gaba da ganin kuɗi kaɗan, a takardar da ba ma sunansa ke jiki ba. Rasit ɗin da aka biya da sunan wani yana rage bashin filin, amma ba ya tabbatar wa mai biyan mallaka.

Sai faɗaɗar birni. Gonakin da ke gefen Gusau, ta wajen Damba da kan hanyar Zariya, inda Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013 ta ƙara jawo gine-gine, an yanka da yawansu fulotai. Filin da aka yi wa rajista a matsayin gona, ko wanda ke da takardar ƙaramar hukuma, idan ya faɗo cikin yankin da aka ayyana birni, ikonsa ya koma hannun gwamna, kuma lissafinsa ya canza. Wanda har yanzu ake cajinsa kuɗin gona a kan gidan da aka ja wa wutar lantarki ya san fayil ɗinsa bai riski zamani ba.

Akwai kuskuren ofis tsagwaronsa: a manna lambar fuloti a kan wani gida, a yi amfani da jadawalin farashin da aka riga aka sauya, ko a manta da bashin baya lokacin juye bayanai zuwa kwamfuta. Na ƙarshen nan ya fi yaudara, domin takardar bana za ta zo fes, babu ko kwabo na shekarun baya, mai gida ya zaci an yafe.

Akwai kuma takardar da ba ta hukuma ba ce sam. 'Yan damfara kan buga takarda mai kama da ta gwamnati da adadi kaɗan, da lambar asusun wani mutum. Wani lokaci kuma wani ne ke yi wa mai gida tayin zai rage masa idan ya ba shi kuɗi a hannu. A duka biyun kuɗin bai shiga asusun gwamnati ba, don haka a idon doka ba a biya komai ba.

Misali da lissafi

Fulotin da aka saba yankawa a garuruwan Arewa, mai ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, ya kai kimanin murabba'in mita 465. Biyu a haɗe sun kai kimanin 929. A ƙaddara, don misali kawai, ana karɓar naira 20 a kan kowane murabba'in mita a shekara. Mai fuloti biyu da fayil ɗinsa ke nuna ɗaya zai riƙa ganin naira 9,300 a maimakon 18,580. Giɓin naira 9,280 ne a shekara, wanda bai kai a tayar da hankali ba. A shekara goma ya zama naira 92,800, ban da tara, ban da ƙarin farashin da aka yi a tsakani. Idan kuma an buɗe shaguna a gaban gidan tun shekara ta uku, sai a ƙara bambancin farashin kasuwanci da kuɗin daidaita sauyin amfani. Kuɗin da ba zai gagari mai gida ba idan ana biya shekara-shekara, yakan zo a dunƙule a daidai lokacin da ake gaggawar sayar da gida don biyan kuɗin asibiti ko raba gado, mai saye kuma ya yi amfani da shi ya karya farashi.

Abin da ke biyo bayan bashin

Takardun shaidar mallaka da yawa a jihohin Arewa da Abuja suna ɗauke da sharaɗin cewa za a biya kuɗin ƙasa a farkon Janairu na kowace shekara ba tare da an jira a nema ba. Wajibcin biya daga takardar mallakar yake fitowa, takardar neman biya tunatarwa ce kawai. Wannan ne ya sa hujjar cewa abin da aka rubuto ke nan aka biya ba ta cika wanke mai gida ba, ko da yake tana nuna bai yi niyyar kauce wa biya ba, kuma tana ƙarfafa roƙonsa na a ɗauke masa tara.

Sashe na 18 ya ƙara da cewa karɓar kuɗin ƙasa da gwamnati ta yi ba ya nufin ta yafe wani sharaɗi da aka saɓa. Wanda ya mayar da gidan zama otal ba zai kafa hujja da rasit na shekara goma ya ce an amince masa ba. Sashe na 19 da na 20 sun tanadi ƙarin kuɗi na horo ga wanda ya ƙi gina fili cikin wa'adi ko ya miƙa shi ga wani ba da izini ba. Sashe na 42 ya ba da damar a bi bashin kuɗin ƙasa ta kotun majistare. Mataki mafi tsanani yana sashe na 28, wanda ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mallaka saboda saɓa sharuɗɗan takarda, ciki har da rashin biya. Sokewar ba ta inganta sai an ba mai filin sanarwa a rubuce da sa hannun jami'in da aka ba izini, kuma kotuna sun sha rushe sokewar da ba a bi wannan ƙa'ida ba.

An daɗe ana ɗaukar sashe na 28 a matsayin barazanar da ba a cika aiwatarwa ba a kan kuɗin ƙasa. A watan Maris na 2025 hukumar Babban Birnin Tarayya, ƙarƙashin minista Nyesom Wike, ta sanar da soke takardun filaye 4,794 a Abuja saboda bashin kuɗin ƙasa na shekara goma ko fiye. Waɗannan masu rashin biya ne gaba ɗaya, ba waɗanda aka yi wa ƙaramin lissafi ba, amma lamarin ya nuna inda gwamnatoci suka dosa. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda ya fara a 2018, ya ba jihohi tallafi a kan tattara dokokin kuɗin shigarsu wuri guda da sabunta rajistar gidajen birane. Da hoton sama da taswirar kwamfuta, gano katangar da ta haɗe fuloti biyu ko jerin shagunan da ba su cikin fayil ya zama aikin mintuna.

Matakan da mai gida ke bi

Abu na farko shi ne kwatanta takardar neman biya da takardar mallaka da rasit ɗin shekarun baya: suna, lambar fayil, lambar fuloti, faɗi, nau'in amfani, shekarar da ake nema, da layin bashin baya. Sau da yawa a nan ake gane dalili. Tambayar maƙwabci tana taimakawa, amma sai in faɗin filinsa da nau'in takardarsa sun yi daidai da na mai tambaya.

Ba a barin biya don ana shakkar adadin. Abin da ya fi aminci shi ne a biya abin da aka rubuto kafin wa'adi ya cika, ta banki ko ta hanyar da gwamnati ta sanar, cikin asusun da ke ɗauke da sunan gwamnati, a karɓi rasit na hukuma, sannan a ware kimanin giɓin a ajiye. Aika ƙarin kuɗi haka kawai ba tare da an gyara lissafi ba ba ya warware komai, domin kuɗin da ba shi da takardar da ya dace da ita yana iya rataye a asusu ba a jingina shi ga kowane fili ba.

Daga nan sai a rubuta wasiƙa zuwa ofishin da ya aiko takardar, ZAGIS ko ma'aikatar filaye idan kuɗin ƙasa ne, sashen kuɗin shiga na sakatariyar ƙaramar hukuma idan harajin gidaje ne. A nemi cikakken bayanin asusun filin tun daga shekarar da aka bayar da shi, da yadda aka yi lissafin bana, a haɗa da kwafin takardu, a kuma tabbatar an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kwafin da mai gida zai riƙe. Amsar baki daga ma'aikaci cewa babu komai ba ta da amfani bayan an yi masa canjin wurin aiki. Idan ofis ya tabbatar a rubuce cewa adadin daidai ne, magana ta ƙare, kuma wasiƙar ta zama kariya. Idan an gano giɓi, ana iya neman a cire tara tunda kuskuren ba daga mai gida yake ba, a kuma nemi a raba biyan kashi-kashi.

Inda tushen matsalar ciniki ne da ba a yi wa rajista ba, ko sauyin amfani, ko haɗe filaye, gyaran takardar shekara ɗaya bai isa ba. Sai an nemi amincewar gwamna, ko izinin sauya amfani, ko a kira safiyo mai lasisi ya sake awo. A nan shawarar lauya ko ƙwararren mai ƙiyasta kadarori tana da amfani kafin a rubuta wa hukuma, domin wasiƙar na iya zama amsa laifin saɓa sharaɗi. Mutane da yawa a wannan gaɓa suke ja da baya, suna ganin tsokano hukuma ne. Lissafin nasu yana da gaskiya a gajeren zango, sai dai wanda ya kai kansa ya fi samun sassauci a kan wanda aka gano.

Mai sayen gida kuwa, kafin ya biya, yakan nemi a binciki fayil a ofishin filaye, a ga rasit na kuɗin ƙasa har zuwa shekarar ciniki, a kuma rubuta a yarjejeniya wanda zai ɗauki duk bashin da ya ɓullo daga baya. A rabon gado na Musulunci, wanda kotunan shari'a na Zamfara ke bi, ana fitar da bashi kafin magada su raba, don haka sanin bashin da ke kan gida tun kafin a yi masa kuɗi yana hana rigima tsakanin wanda gidan ya faɗa wa da sauran 'yan'uwa. Kuɗin ƙasa da harajin gidaje ba su da alaƙa da zakka, wadda ba ta hawa kan gidan da mutum yake zaune a ciki.

A karkara

A Kekun Waje da garuruwa irinsa a ƙasar Bungudu, Tsafe da karkarar Gusau, abin da aka fi gani shi ne rashin zuwan takarda kwata-kwata. Sashe na 36 na dokar 1978 ya amince wa waɗanda suke riƙe da gonaki da gidaje a wajen birni tun kafin dokar su ci gaba da riƙewa kamar ƙaramar hukuma ce ta ba su. Mai gidan gado da ba a taɓa yi wa takarda ba bai ɗauki alkawarin kuɗin ƙasa na shekara-shekara irin na mai C of O ba, kuma shaidar dagaci da hakimi da maƙwabta ita ce madogararsa. Kuɗin da ƙananan hukumomi suka fi karɓa a irin waɗannan wurare na kasuwa ne, da rumfuna, shaguna, tasha da mayanka. Lissafi na farawa ne ranar da mutum ya nemi takardar ƙaramar hukuma ko ta jiha, misali don neman rancen banki ko don kare filinsa daga jayayya.

Matsalar tsaro ta ƙara wani ɓangare. Hare-haren 'yan bindiga sun raba mutane da yawa da garuruwansu a waɗannan ƙananan hukumomi, wasu sun koma Gusau sun sayi fuloti a gefen gari da takardar dillali, wasu kuma takardunsu sun ƙone ko sun ɓace. Wanda ya bar gida mai takardar gwamnati a garinsu, kuɗin ƙasa bai tsaya ba don babu kowa a ciki, sai in hukuma ta yafe a rubuce. Idan takarda ta ɓace, hanyar da aka saba ita ce rahoton 'yan sanda, da rantsuwar kotu, sannan a nemi kwafin da hukuma ta tabbatar. Kuɗin da 'yan bindiga ke ƙaƙaba wa ƙauyuka kafin noma ko girbi, wanda a bakin jama'a ake kira haraji, ƙwace ne, ba shi da wani matsayi a doka.

A wasu ƙasashe

A Amurka, inda harajin gida ke ɗaukar nauyin makarantu da ayyukan ƙananan hukumomi, ƙarancin kuɗi a takarda sananniyar matsala ce ga sabon mai gida. Gidan da aka gama ginawa a tsakiyar shekara akan lissafa masa harajin fili kawai a shekarar farko, shekara ta biyu kuɗin ya ninka sau da yawa, kuma tunda bankin da ya ba da rance ne ke tara harajin wata-wata, biyan wata ya yi tsalle. A jihar Kalifoniya, inda dokar 1978 ta taƙaita ƙarin ƙimar gida har sai an sayar da shi, mai saye yakan fara ganin takarda bisa tsohuwar ƙima, daga baya a aiko masa ta cike giɓi, kuma hukuma na iya komawa baya shekara huɗu ta ƙiyasta abin da ya kuɓuce mata. A Fulorida, wanda ya ci moriyar rangwamen gidan zama alhali bai cancanta ba ana iya bin sa harajin shekara goma, da tarar kashi 50 cikin ɗari da ruwan kashi 15 a shekara.

A Ingila harajin ƙaramar hukuma ya dogara ne da rukunin da aka sa gida bisa darajarsa ta ranar 1 ga Afrilu 1991. Idan mai gida ya faɗaɗa gini ba a ɗaga masa rukuni nan take, sai bayan an sayar da gidan, don haka mai saye ne ke gamuwa da ƙarin bayan ya tare.